Kin gaya wa duk Tawa, saura ita

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce a nan Tawa, ƴaƴana shida, ta farin soja ce. Da ta ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, ta yi jami'a a Yamai, daga nan ta shiga horon hafsoshi a Tondibiya, yanzu laftana ce. Ranar da aka ɗaura mata galo ban runtsa ba don murna. Hotonta da kaki yana bangon ɗakina, yana cikin wayata, duk wadda ta shigo gidan sai na nuna mata. To yanzu za a tura su daji na wata da watanni. Na so in yi walima in tara mutane kafin ta tafi, ta ce kada in yi, kada ma in gaya wa kowa. Abin ya yi mini ciwo. Gwaggonta kuma ta ce wannan alfaharin nawa shi zai jawo mata baki, wai wace uwa ce ke murna ƴarta ta zama ƴar bariki, ga ƙannenta biyu suna ɗakin mazansu. Babanta shi ya sa mata hannu tun farko, amma tun da aka yi maganar tafiyar nan ya daina magana, sai rediyo. Ni da rana dariya, da dare kuka. Kuma ƴar fari ce, kin san halinmu, ko sunanta ban taɓa kamawa ba, kakarta ta raine ta. Shin alfaharina laifi ne? Me zan yi a ƴan kwanakin da suka rage?

Uwar soja, Tawa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya tsare miki ita, ya tsare ƴaƴan mutane da za su tafi tare, ya dawo da su gida da ƙafafunsu.

Za ki ga na cire abu biyu daga wasiƙarki, sunan wurin da za a kai su da ranar da kika ce za su tashi. Da gangan na yi, kuma zan zo kan dalilin. Amma ba can hankalina ya tsaya ba da na karanta. Ya tsaya ne a maganar da kika jefo daga ƙarshe kamar ba komai ba ce, cewa ko sunanta ba ki taɓa kamawa ba.

Mu ƙirga tare. Maƙwabta sun san kina ji da ita. Matan da kuke adashi sun sani. Mai kawo miki nono ta ga hoton. Ni da ban taɓa ganin fuskarki ba, yau na sani. Mutum ɗaya ce ban ga alamar ta ji daga bakinki ba, ita ce mai kakin. Duk murnar nan a bayan idonta kike yin ta. In ta zo hutu na san yadda ake yi: ta durƙusa ta gaishe ki, ki amsa kina kallon bakin ƙofa, ki ce wa ƙanwarta ta kawo wa yarinyar nan ruwa. Shi ya sa walimar ta tsaya miki a rai haka. Abin da bakinki ya kasa gaya mata, kin so tukunya da taron jama'a su faɗa a madadinki. Da ta ce kada a yi, sai kika ji ta toshe miki hanya ɗaya tak da kike da ita. Ita kuwa ba ta san ta toshe komai ba. A wurinta maganar aiki ce kawai.

Ba raina kunyar ɗan fari nake yi ba. Da ita aka raine mu, kuma tana da ma'anarta: uwa tana nuna wa surukai da iyayenta cewa ɗan nan ba nata ba ne ita kaɗai. Amma ki duba irin zaman da al'adar ta taso a ciki. Ƴa tana girma a tsakar gida, a kai ta aure unguwar gaba, kullum tana ganin tuwon da aka ɗebe mata, da zanen da aka saya aka ce wai kakarta ce ta bayar, alhali kowa ya san hannun da ya biya kuɗin. Son yana isa gare ta ta hannu, ba sai an faɗa ba. To wadda za ta kwana watanni a daji, babu kwanon tuwonki, babu fuskarki da za ta karanta, me zai isa gare ta? Sai abin da ta ji da kunnenta ta tafi da shi.

Ni ma ƴar fari ce. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta “ke” take ce mini. Bayan rasuwarta muka buɗe akwatinta, a ƙarƙashin zannuwan da ba ta taɓa ɗaurawa ba muka tarar da takardar shaidar gama firamare tawa, a naɗe cikin leda, ita da ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Ƙanwarta ce ta gaya mini duk baƙuwar da ta zo daga ƙauye sai ta fito da takardar ta nuna. Shekara talatin ina zaton karatuna bai dame ta ba. Na yi kuka ranar, na daɗi da na ciwo a haɗe, kuma har gobe ina cewa da ma sau ɗaya ta faɗa ina ji. Ba na so ƴarki ta ji labarin son da kike mata daga bakin maƙwabta.

Ban ce ki kama sunanta a gaban mutane ba. In sunan ya yi miki nauyi a baki, bar shi inda yake. Ki kira ta ɗaki bayan isha'i, daga ke sai ita. Kalmomin ma ba sai kin aro na kowa ba, Hausa ta riga ta ba ki: “Kin fid da ni kunya. Ban taɓa nadamar aikin nan naki ba. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Allah ya yi miki albarka.” Shi ke nan. In kin san ba za ki iya ido da ido ba, ga dabara. Mace mai tafiya daji tana bukatar kitson da zai daɗe, ƙanana, wanda hula za ta zauna a kai. Ki ce ke za ki yi mata. Ta zauna a gabanki ta ba ki baya, kanta yana tsakanin hannuwanki, babu mai kallon wani. Maganar da ta ƙi fitowa a tsaye takan fito a wurin kitso. Wataƙila ma rabon ki taɓa gashinta tun tana goye. Sannan ki sa ɗaya daga ƙannenta ya nuna miki yadda ake ɗaukar murya a waya, ki yi mata addu'a da muryarki ki tura mata kafin ta tafi. Abin da ya riga ya sauka cikin waya ba ya bukatar rezo, wato sabis ɗin waya, za ta saurara a inda ba wanda zai iya kiran ta.

Yanzu ga tambayarki, ko alfahari laifi ne. Kalmar fuska biyu gare ta. Akwai mai cewa ku ga abin da Allah ya yi mini, akwai mai cewa ku ga na fi ku. Na farkon godiya ce, ayar ƙarshe ta Suratu Duha ma umarni ce da a ba da labarin ni'imar Ubangiji. Na biyun shi aka hana. Ma'aunin yana hannunki. In matar da ɗanta ya tafi Libiya shekara biyar ba labari ta shigo gidanki, kina ɗauko hoton ko kina barin sa a bango? In kina bari, to zuciyarki lafiya lau take. Ni a wasiƙarki godiya na ji. Yarinya ta yi karatu, ta jure horon da maza ma ke gudu, ta fito da mutuncinta, uwar da ba ta ji daɗi ba ita ce abin tuhuma.

Sai dai gwaggo ta taɓa gaskiya ta gefe ɗaya, ko da ba da daɗin baki ta faɗa ba. Annabi Yaƙub ya hana Yusuf ba ƴan'uwansa labarin mafarkinsa, kuma da zai tura ƴaƴansa Masar ya ce kada su shiga ta ƙofa ɗaya. Uba ne mai tsananin son ƴaƴansa, son ne ma ya sa ya yi kaffa-kaffa. Akwai lokacin faɗin ni'ima, akwai lokacin rufe ta.

Ni kuwa abin da nake tsoro ya wuce kambun baka. Ba zan ɓoye miki abin da kika riga kika sani ba. A Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, sojoji 71 aka rasa a hari ɗaya. Wata guda bayan haka, ranar 9 ga Janairu 2020, aka rasa 89 a Cinagodar. Nan cikin jihar Tawa, a watan Maris na 2021 an kashe fararen hula 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, a watan Oktoba na 2023 kuma sojoji 29 suka kwanta dama a Tabatol. Masu kai irin wannan hari ba duba suke yi ba. Labari suke saye, suna kuma tsintar wanda aka zubar kyauta: ayari kaza zai tashi ranar kaza, zai bi hanya kaza. Ke za ki gaya wa aminiyarki, amintacciya ce. Ita ta gaya wa mijinta, shi ya faɗa a majalisar shayi, wani yaro ya ɗora a WhatsApp da hotonta yana mata fatan alheri. Babu mugu ko ɗaya a cikin jerin nan, amma kafin magariba maganar ta kai inda ba ki taɓa zato ba. Kuma ba ranta kaɗai ke cikin motocin ba. Laftana tana da mutane a ƙarƙashinta, kowanne da uwar da ke kuka da dare kamar ke. Da ta ce ki yi shiru, amanarsu take tsarewa. Wannan ma abin alfahari ne, don yana nuna horon ya shige ta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Hoton bangon ɗaki ki bar shi. Na WhatsApp da Facebook ki sa a sauke, musamman mai nuna suna ko lambar rundunarta, ki kuma ja kunnen ƙannenta, don su ne masu saurin hannu. Duk wanda ya tambaya, amsar ɗaya ce: tana wurin aiki, a sa ta a addu'a.

Walimar ba sokewa za ki yi ba, ɗagawa za ki yi. Yanzu ki yi sadaka ba tare da kin faɗi dalili ba. A dafa abinci a kai makarantar allo ta unguwa, a sauke Alƙur'ani a cikin gida da mutanen gida. Tukunyar taro ta jira dawowa.

Sai maganar “ƴar bariki”. Wannan kalmar ta sosa mini rai, don na san abin da ake nufi da ita in an jefi mace da ita, kuma gwaggo ma ta sani. Zama a bariki don aiki daban, abin da bakin mutane ke nufi daban. Rundunar ƙasar nan tun 1961 take, amma mace da galon hafsa a unguwa sabon abu ce ga idon tsofaffinmu, kuma abin da ido bai saba gani ba baki yakan yi masa mugun suna. Ba yau mace ta fara tsayawa a inda ake gudu ba. A 1899 Sarauniya Mangu ta tari ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a Lugu, lokacin da garuruwa da dama suka watse da jin labarinsu. A 2015 Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgi a rundunar sojan Nijar, a 2020 kuma ta gama horon tuƙa babban jirgin nan C-130 a Amurka. In gwaggo ta ce waccan ta zamanin da ce, wannan kuma ƴar boko, to a tuna mata da Rufaida, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, har Manzon Allah (SAW) ya sa aka kwantar da Sa'ad ɗan Mu'azu a wurinta bayan yaƙin Handaƙ. A tuna mata da Nusaiba ƴar Ka'ab, da ta fita Uhudu tana shayar da ruwa, da abin ya rincaɓe ta ɗauki takobi ta tsaya kare Annabi har aka ji mata raunuka.

Akwai kuma hujjar da ta fi kusa da mu. A yankin Tafkin Cadi an sha ɗaura wa ƴan mata bam a tura su cikin jama'a, dole ta sa ake binciken mata a shingaye. Wa gwaggo take so ya laluba jikin matar aure, ko na ƴarta, in tafiya ta kai su can? Matar da aka kashe mijinta, ko aka ci mutuncinta, ta gudo da goyo a baya, wa za ta iya buɗe wa baki? Mace mai kaki sutura ce ga ƴan'uwanta mata. Amma Hajiya, ba ke za ki yi wannan muhawara ba. Gwaggo ƴar'uwar mijinki ce, in kika amsa mata za a ce matar ɗan'uwa ta yi wa dangi rashin kunya, maganar ta bar kan yarinya ta koma kanki. Malam, mijinki, shi zai yi, da kalma ɗaya: da izinina ta shiga, da albarkata za ta tafi.

Aure kuwa lokaci ne. Kada ki yarda a ɗora mata maganarsa a ƴan kwanakin nan, kada kuma a yi saurin haɗa ta da wani don a rufe bakin mutane. Mata masu kaki suna aure suna haihuwa. Mijin da ya dace da ita shi ne wanda ya gan ta da kakin ya ce ya ji ya gani.

Ga wani abu da gwaggo ba ta faɗa ba, ni zan faɗa. Mace a cikin maza da yawa, nesa da gida, a wurin da na sama ke ba da umarni na ƙasa ya bi, tana iya haɗuwa da wanda ba ya tsoron Allah. Ba a soja kaɗai ba, a ofis da makaranta ma haka ne, sai dai a daji babu inda za ta je ta huce. Yarinyar da ta san ana jiran ta da “ai mun faɗa” ba za ta taɓa kawo kuka gida ba, za ta haɗiye. Don haka a daren kitson ki ƙara mata wannan: duk abin da ya same ki, daga wurin kowa ne, ki gaya mini, ba zan ce laifinki ba ne, ba zan ce ki ajiye aiki ba sai in ke kika so. Kariyar da za ki iya ba ta daga Tawa ke nan.

Kukan dare ba ƙarancin imani ba ne. Uwar Annabi Musa wahayi aka yi mata, aka yi mata alkawarin za a dawo mata da ɗanta, duk da haka Alƙur'ani ya ce ta wayi gari zuciyarta wayam, saura kaɗan ta tona asirin da Allah bai ɗaure mata zuciya ba. In wadda aka yi wa alkawari ta ji haka, ke fa? Mu mutanen Adar mun san rabuwa. Kowace shekara in an gama girbi motoci na kwashe samari zuwa Abijan, Kwatano, Legas, Aljeriya. Uwaye sun san abin da ake gaya wa ɗa mai tafiya ci rani, sun san guzurinsa, sun san lokacin da za a fara duban hanya. Babu wadda aka koya wa yadda ake sallamar ƴa mai tafiya da bindiga. Ke kina cikin na farko-farko, shi ya sa kike jin kamar ba ki iya ba. Kuma ki riƙe wannan tare da waɗancan alƙaluman da na kawo: dubban sojoji sun je waɗannan wurare sun gama wa'adinsu sun dawo, kina gamuwa da su a kasuwa ba ki sani ba, don dawowa lafiya ba a sanar da ita a rediyo. Idan rashin barcin ya ɗore, ko kika fara jin ciwon kai da jiri, ki je a auna miki jini. Ba ta da amfani da uwar da ta kwanta asibiti saboda ita.

Kada ki yi mata dariyar ƙarya har ta tafi, ta san ki. Kada kuma ki ɗora mata kukan duka, har ta tafi da nauyin lallashinki a kan nauyin jakarta. Ki gaya mata sau ɗaya cewa kina tsoro, kuma kin yarda ta tafi. Sauran kukan ki kai shi kan sallaya, ko wurin ƴar'uwa ɗaya mai riƙe magana.

Malam kuma, shirunsa magana ce. Mutumin da ya sa hannu, yanzu yana zaune da rediyo yana jin sunayen garuruwa, lissafi ɗaya yake yi: in wani abu ya faru, ni na kai ta. Ba zai faɗa ba ko za a yanka shi. Ki kai masa shayi in dare ya yi, ki zauna, ki ce, “Malam, ba kai kaɗai ka yarda ba, da ni aka yi, kuma da za a sake, zan sake yarda.” Ba sai ya amsa ba. Ku biyun nan kuna ɗauke da kaya ɗaya, kowa a ɗakinsa.

Akwai ƴan abubuwan da ya kamata ku gama kafin ta tashi. Ta ba ku suna da lambar mutum ɗaya a barikinta wanda ba ya cikin tafiyar, wanda za a iya tambaya in an ji shiru ya yi yawa. Ku yi yarjejeniya cewa ita ce mai kira, kuma shirun sati biyu ko uku ba mugun labari ba ne, don wurare da yawa babu rezo, wani lokacin kuma aikin ne ke hana kunna waya. In ta kira kada ki ce kuna ina, yaushe za ku tashi. Ki tambaye ta ta ci abinci, tana samun barci, ki ba ta labarin gida, har da na akuyar da ta haihu, irin wannan ne ke sanyaya ran wanda ke nesa. In wani baƙon murya ya kira ya ce ta ji rauni a turo jika hamsin yanzu-yanzu, kada ki tura ko dala sai kin kira wancan mutumin na bariki. Sojan da ya ji rauni a bakin aiki rundunarsa ce ke ɗauke da shi, kuma ƴan damfara sun san babu mai saurin buɗe jaka kamar uwar da ta firgita. Saƙonnin murya da ke yawo a waya duk lokacin da aka kai hari, da hotunan gawarwakin da ba a san na ina ba ne ko na yaushe, ki haramta wa kanki su. Ki wakilta ɗa ɗaya mai natsuwa ya riƙa bin sanarwar rundunar a gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel, shi zai gaya miki abin da ya tabbata.

Sai abu mai nauyi, wanda ba a son faɗa. Ta rubuta abin da ake bin ta da abin da take bi, inda takardunta suke, wanda zai iya taɓa albashinta in bukata ta taso, da adashin da take ciki. Mutanenmu suna ganin wannan kamar kiran mutuwa ne. Ba haka ba ne. Hadisi ingantacce ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce ba, kuma ba a ce sai mai tafiya yaƙi ba. Ki bar wannan tsakaninta da babanta in ke ba za ki iya zama a wurin ba. Zai ma ba shi abin yi da hannunsa, ya huta da rediyon.

Guzuri ki tambaye ta kafin ki haɗa, don jakar soja a bayanta take ɗaukar ta. Kilishi, cuku, dabino, garin yaji, man kaɗanya saboda iskar daji, duk ba su da nauyi kuma ba sa lalacewa da wuri. Ki sa da ɗan yawa, ba ita kaɗai za ta ci ba.

Ranar tafiya kada a yi rakiyar gayya. Ki raka ta iyakar zaure. Babanta ya ɗora mata hannu a ka, ku yi mata addu'ar da Annabi (SAW) yake yi wa matafiyi: Astaudi'ullaha dinaki wa amanataki wa khawatima amaliki, wato na ba Allah ajiyar addininki da amanarki da ƙarshen ayyukanki. In hawaye ya zo ki bar shi ya zubo, ta riga ta ji abin da ke bayansa tun daren jiya. In ta juya, kada ki shige ɗaki ki ja ƙofa, ƙannenta fuskarki suke kallo su san ko za su tsorata. Ki hura wuta ki dama musu koko.

Shinkafar walimar kuma ki ajiye ta a inda ɓera ba zai kai ba. Ranar da ta dawo, in Allah ya yarda, ki rubuto mini, ina so in ji abin da ta ce miki a daren kitson.